Wace kalma za mu sa wa "Putsch"?

Mai fassara: Malamai, ina aiki kan tarihin Jamus na shiga tsaka mai wuya. Abin da ɗan siyasa Wolfgang Kapp ya yi a Berlin a 1920 don ƙwace mulki, Jamusawa na ce masa Putsch. In rubuta juyin mulki ne ko tawaye?

Tsohon ɗan rediyo: Ɗana, tawaye na wanda ya ja daga ne a gefe, shi kuwa Kapp fadar gwamnati ya nufa. Na Dimka a 1976 da na Orkar a 1990, yunƙurin juyin mulki muka kira su. Shi za ka sa.

Ɗalibar tarihi: Baba, a gafarce ni, amma yunƙuri ya yi wa wannan kaɗan. Ranar 13 ga Maris rundunar sojan da ke ƙarƙashin Ehrhardt, mai goyon bayan Kapp, ta shiga Berlin ba wanda ya tare ta, don manyan hafsoshi sun ƙi sa soja ya harbi soja. Shugaba Ebert da ministocinsa suka gudu Dresden, daga can sai Stuttgart, Kapp ya ayyana kansa shugaban gwamnati. Ni dai fashin mulki na ce. Yunƙuri ya fi dacewa da na Hitler a Munich a 1923, wanda 'yan sanda suka tarwatsa washegari.

Tsohon ɗan rediyo: 'Yata, to da ya zauna, wa ya mulka? Ƙungiyoyin ƙwadago suka kira yajin aikin gama-gari, miliyoyin ma'aikata suka amsa. Berlin ba ruwa, ba lantarki, ba jirgin ƙasa, ko jarida ba a buga ba. Manyan ma'aikatan gwamnati suka ƙi bin umarninsa, Babban Banki ya hana shi kuɗin biyan sojojin. Su ma sojojin, tsoron rusa rundunarsu ne ya fito da su, tunda yarjejeniyar Versailles, wadda aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ce a rage sojan Jamus zuwa 100,000. Ba su zo da shirin tafiyar da ƙasa ba. Ranar 17 ga wata Kapp ya sauka, ya tsere Suwidin. Mulkin da bai juya ba, ai yunƙuri ne.

Ɗalibar tarihi: Na yarda da hujjar, Baba. Amma fashin mulki ya fi daɗi a kanun labari.

Mai fassara: Daɗi kam akwai, sai dai hukunci ne a cikinsa, aikina kuma littafin makaranta ne. Na rubuta "Yunƙurin Juyin Mulkin Kapp". Allah ya saka da alheri.