Indomin mota: me za mu kira shi a rubutun Hausa?

1/ Jama'a, akwai kalmar da nake so mu tsayar. A ƙarƙashin mota, a jikin bututun salansa, tsakanin inji da tukunyar rage ƙara, akwai wani kumburarren ƙarfe da Turawa ke kira catalytic converter. Makanikai a Ƙofar Ruwa da Panteka indomi suke ce masa, wasu su ce katalis. Mai sayen 'yar Kwatano kuwa sau da yawa ba ya jin sunansa sai ranar da aka gaya masa babu shi a motar da ya riga ya biya.

2/ Kafin suna, sai an san aiki. Cikin tukunyar akwai farar laka gasasshiya mai dubban ƙananan ramuka, tamkar saƙar zuma. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan abin ya ɗau zafi, daga wajen digiri 250 zuwa sama, hayaƙin da ya ratsa sai ya canza hali. Iskar nan mai kisa, irin wadda janareto ke hallaka mutane da ita a rufaffen ɗaki, ta koma irin wadda muke fitarwa da numfashi. Man da bai gama ƙonewa ba kuma, sai ya ƙarasa ƙonewa. Su ƙarafan ba sa ƙarewa a wannan aiki, ingiza shi kawai suke yi.

3/ Injiniya Eugène Houdry, Bafaranshe mazaunin Amurka, shi ya fara ƙera shi a shekarun 1950. Amma fetur mai darma na lalata shi, don haka bai bazu ba sai 1975, lokacin da dokar hayaƙi ta Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci. Turai ta bi sahu a farkon shekarun 1990. Kenan duk motar fetur da ta zo mana daga can a shekarun nan, da abinta aka ƙera ta. In babu, cire shi aka yi. Dalili kuma ba ɓoyayye ba ne: a 2021 oza ɗaya ta rodiyam ta kusa dala 30,000, ta ninka zinare fiye da sau goma.

4/ Shawarar da ta fi yawa ita ce matatar hayaƙi, wasu suka ce rariyar hayaƙi. Kalmar na da daɗin faɗi, amma ban yarda da ita ba. Matata tana riƙe datti ne ta bar mai kyau ya wuce, in ta cika a wanke ko a jefar. Wannan abu ba ya riƙe komai. Kuma sunan na da illa a gareji: da zarar mutum ya ɗauka matata ce, shi ke nan, in yaron shago ya ce masa "Alhaji, ta toshe, bari mu fasa ta mota ta samu numfashi," sai ya amince har da godiya. Eh, yakan toshe, idan inji na shan baƙin mai ko fulogi na tsallake wuta har lakar ta narke. To amma ciwon a inji yake. Ga shi kuma motocin dizal na zamani suna da matata ta gaskiya mai kama baƙar kunkunniyar hayaƙi. In muka ba wannan sunan, waccan fa?

5/ Wani malaminmu ya kawo matsarkakin hayaƙi. Allah ya gafarta Malam, tsarki ya yi wa bakin salansa nauyi. Abin da ke fita bayan an sauya shi ma ba abin shaƙa ba ne.

6/ Ni dai na tsaya a kan masauyin hayaƙi. Ƙirar kalmar tamu ce, irin ta mabuɗi, madubi, matsefi, mazubi: abin da ake yin aiki da shi. Jam'i masauyai, namiji ne. Ta faɗi aikin daidai, ba ta yi alkawarin abin da ba ya yi ba. An ce min ai ba ta ɗauko ma'anar ƙarfen da ke ingiza aiki ba tare da ya ƙare ba. Gaskiya ne, amma wannan aikin malamin kimiyya ne a aji, ba na mai ciniki a bakin mota ba.

7/ Inda na fi so a kula: kalma ɗaya ba ta isa ba, domin yaudarar a nan take. Ba kasafai ake yanke abin gaba ɗaya a sa miƙaƙƙen bututu ba, wannan ko makaho zai gane. Tsaga tukunyar ake yi ta sama, a farfashe cikin, a mayar a yi walda. Ka leƙa, ka ga tukunya, ka ce lafiya lau. Don haka mu raba: tukunyar masauyi ita ce ƙarfen waje, saƙar masauyi ita ce ta ciki mai kuɗin. Indomi kuwa ya ci gaba da zamansa a kasuwa, ba ni da faɗa da shi, asali ma saƙar yake nufi.

8/ Ku gwada a baki. "Oga, a ɗaga motar mu ga tukunyar masauyi." "Wannan waldar ta sama ba ta kamfani ba ce." "Ƙwanƙwasa mu ji, da saƙa a ciki ko fanko ce?" Sannan a kunna mabuɗi ba tare da an tayar da inji ba: fitilar gargaɗin inji dole ta kama, in ba ta kama ba wataƙila an kashe ta ne don kada ta tona asiri. A sa kwamfutar gwajin mota, lambar P0420 na nufin masauyi ba ya aikinsa yadda ya kamata. A ji ƙarar salansa, a shinshina hayaƙin bayan inji ya yi zafi. In an tabbata babu saƙa, kuɗin sabon masauyi ya fita daga farashin motar tun kafin a ce sallama.

9/ Saura ɗan fulogin nan da ke bayan tukunyar, mai auna iskar da ta fito ya kai wa kwamfutar mota rahoto. Makanikai sensa suke cewa. Ina tunanin ma'aunin iska, sai dai masu faci sun riga mu ga wannan sunan, shi suke kiran abin gwada taya. Makanikai da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, me kuke ce masa a can?