Neman kalmar Hausa: me za mu kira Echinacea?

Mai Fassara: Jama'a, ina neman sunan Hausa na Echinacea angustifolia, furen da ke fitowa a busassun filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, daga Texas har kudancin Kanada. Turawa suna ce masa coneflower saboda tudun da ke tsakiyarsa.

Mai Lambu: Malam, ni "furen malfa" zan ce. Tsakiyar a tashe take, fallayen furen masu ruwan hoda kuma sun sunkuya ƙasa.

Malamar Tsirrai: Yaya, malfa za ta kawo ruɗani. A wannan dajin akwai wani fure, Ratibida columnifera, da can ma hula suke kiransa, kuma tsakiyarsa ta fi tsawo. Sunan Echinacea daga kalmar Girkanci ta bushiya ya samo asali. Taɓa tsakiyar bayan ta bushe, ƙayoyi ne tsaitsaye masu sukar yatsa. "Furen bushiya" ya fi.

Mai Fassara: Hajiya, to danginsa fa? Akwai ɗan'uwansa, Echinacea purpurea, da ake sayarwa a lambuna.

Malamar Tsirrai: A raba su da ganye: namu "furen bushiya mai siririn ganye", wancan "mai faɗin ganye". Rabewar tana da amfani wurin shuka. Mai faɗin ganye saiwarsa a baje take, yana jure danshi. Namu uwar saiwa guda gare shi mai nutsewa can ƙasa, shi ya sa fari bai cika kashe shi ba, amma a laka mai riƙe ruwa saiwar ruɓewa take yi. Dashe ma ba ya so, saiwar karyewa take.

Mai Lambu: Irin ma ba ya tsira da kyau sai ya sha sanyi. A cakuɗa shi da yashi mai ɗan laima, a ƙulle a leda, a ajiye a firji wata ɗaya zuwa uku, sannan a shuka sama-sama, ƙasa kaɗan a kansa. Idan yashin ya jiƙe sharkaf, irin fumfuna zai yi. Shekarar farko ganye kawai za ka gani, fure sai ta biyu.

Mai Fassara: Turawa kuma suna ce wa irin wannan tsiro perennial, ni na rubuta "mai daɗewa".

Malamar Tsirrai: A'a Malam, kuka ma mai daɗewa ce. Wannan samansa bushewa yake yi da hunturu, saiwar ta sake fitar da sabon toho. Rubuta "mai tofowa duk shekara".

Mai Fassara: Na karɓa. Furen bushiya mai siririn ganye, mai tofowa duk shekara.