Inshora tana biyan kuɗin gyaran halin kare kuwa?

Jama'a, don Allah a ba ni shawara, abin ya ɗaure mini kai.

Karena ɗan shekara 3 ne, wata shida ke nan da halinsa ya sauya. Da ya ga na ɗauki makulli sai jikinsa ya hau rawa, miyau na dalala. In na fita kuwa, haushi har muryarsa ta dushe. Jiya na tarar ya gwigwiye ƙasan ƙofa, dasashinsa duk jini.

Likitan dabbobi ya ce jikinsa lafiya ƙalau, tsoron kaɗaici ne. Ya rubuta masa wata ƙwaya ta rage fargaba mai suna fluoxetine, ya tura mu wurin ƙwararre kan halayyar dabbobi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kamfanin inshora ya biya kuɗin ganin likita, ya ƙi sauran. Wai wannan horo ne ba magani ba, horo kuma ba ya cikin yarjejeniya. Suka kuma tono wani tsohon rahoto da aka rubuta "yana firgita" tun kafin in yi rajista, suka ce tsohuwar matsala ce. Fisabilillahi, wane kwikwiyo ne ba ya firgita ranar allurar farko?

Akwai wanda inshorarsa ta taɓa biyan irin wannan? In likita ya rubuta wasiƙa cewa ciwo ne, ba rashin horo ba, suna sake duba maganar? Kuɗin ƙwayar fa? Ina tunanin sauya kamfani, amma ina tsoron su ma su ce tsohon ciwo ne.