Kyanwa da ƙarar nokawut: yaya kuke yi da naku?

Uwar Mage, Kaduna: Salamu alaikum jama'a. Yaran unguwarmu sun fara jefa nokawut tun kafin Kirsimeti, kuma ba su da niyyar tsayawa sai an shiga sabuwar shekara. Magena ta daina cin abincin dare, a ƙarƙashin gado take kwana. Masu kyanwa, me kuka gwada ya yi muku aiki?

Ɗan Yakasai: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ƙyale ta a inda ta zaɓa. Mu nan ranar Hawan Daushe, in 'yan bindiga suka fara ɗirkawa, har tagogi sai sun girgiza. Kwali nake kifa wa muzuruna a ɗakin da ya fi nisa da titi, in yanke masa ƙofa, in shimfiɗa tsohuwar rigata a ciki, ruwa da kaskon yashi a gefe. Ƙanena ya taɓa jawo shi wai zai rarrashe shi, har yau tabon yaƙushin na nan a hannunsa.

Baba Direba: Ku ne kuke shagwaɓa su. Kuliyar gidanmu ba wanda ya taɓa yi mata kwali, ga ta nan garau. Abu ɗaya dai na yarda da shi, ku bubbuga bonet da safe kafin ku tayar da mota. Wadda ta firgita kan shige cikin inji ta lafe.

Anti a Birmingham: Baba, halinsu ba ɗaya ba ne, kamar 'ya'ya. Uwar Mage, mu a Ingila daren 5 ga Nuwamba, da ake bikin wasan wuta, shi ne babban tashin hankalin, ga Diwali, bikin 'yan Indiya, kusa da shi. Doka ta ce a daina harbawa ƙarfe 11 na dare, amma ranar 5 ga Nuwamba an ɗaga zuwa 12, daren sabuwar shekara kuma har ƙarfe 1. Ina ba tawa abinci tun da sauran rana, in kulle ƙofa da taga, in saki labule saboda walƙiyar, in kunna talabijin. Feliway ma, wata 'yar na'ura mai fitar da sinadarin kwantar wa kyanwa hankali, na jona a soket. Wasu na yabonsa, ni dai kaɗan na ga bambanci. Tun Yunin 2024 kuma dole ne a sa wa kyanwa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, ko da ta ɓata a gane mai ita.

Uwar Mage: Maƙwabciyata ta ce in jiƙa mata rabin farasitamol ta samu barci.

Likitan Dabbobi, Zariya: Hajiya, don Allah kada ki kuskura. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ta. Idan firgitar ta yi tsanani akwai maganin da muke rubutawa, gabapentin, amma sai an auna nauyinta tukuna. Kunnenta na jin sautin da namu ba ya kamawa, don haka ba iskanci take yi ba, kada a dake ta in ta yi fitsari a kan darduma. Malam Ɗan Yakasai, kai ma ka sa ido: muzurun da ke ta tsugunawa a yashi fitsari bai fita ba, a kawo shi a ranar, ba a jira gobe.

Uwar Mage: Na gode likita, Allah ya saka. Bari in aika yaro shago ya samo min kwalin taliya kafin magariba.