Musayar Waƙa: Daga Tsumburbura zuwa Dirki

Ɗan Dala ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gayyatar 'yan'uwa mu yi musaya a kan yadda tsafi da addini suka zauna a gari ɗaya a tsohuwar Kano, kamar yadda tarihin sarakunanta ya kawo, kuma duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ra".

Da sunan Ilahi nake buɗe zance
A kan tsohuwar Kano, mu yi hattara.

Tun kafin Bagauda ya zo da dakarunsa,
Mutan Dala na bauta wa Tsumburbura.

Itace guda ne aka yi wa katanga,
Barbushe kaɗai ke shiga, kowa ya jira.

Baƙin bunsuru da baƙin kare da kaza
Ake kai wa gindinsa kowace shekara.

A zamanin Yaji, da ya hau a 1349,
Malamai suka zo daga Mali, 'yan Wangara.

Suka sa shi salla, aka naɗa limami,
Aka koyi Alƙur'ani sura-sura.

Aka gina masallaci a gindin itacen,
Inda aka yi tsafi ladan ke yin kira.

A ganina tun ranar nan tsafi ya faɗi,
Hasken addini kuma ya yi nasara.

Jikar Wangarawa ta amsa:

Yaya, ka yi saurin naɗe tabarmar zance,
Akwai sauran magana mai son a gyara.

Ɗan Yaji na cikinsa, Sarki Kanajeji,
Wanda ya hau a 1390 da gadara,

Ya kai wa Zazzau yaƙi aka koro shi,
Ya dawo gida da baƙin cikin hasara.

Ga sulke, ga lifidi, duk ba su isa ba,
Sai ya nemi masu tsafi don shawara.

Suka ce ya rayar da abin da uba ya rushe,
Ya je ga itacen, reshensa ya sara.

Jan maciji ya samu a ciki ya kashe shi,
Fatar ta zamo huffin da zai zura.

Da reshen aka sassaƙa masa dundufa,
Ya koma ya ci Zazzau, aka yi bushara.

Ina jin tausayinsa, Yaya, ban ɓoye ba:
Tsoron fagen daga yana dushe basira.

Dattijon Damagaram ya amsa:

'Yata, kin faɗi daidai, Allah shi yi albarka,
Bari in ɗora kaɗan a kan abin da kin tara.

A mulkin Rumfa, 1463 zuwa 1499,
Shehu Magili ya sauko ta Sahara.

Ya sa aka sare itacen har gindinsa,
Aka tsai da hasumiya, ta zam ishara.

Amma tsafi bai bi itacen ƙasa ba,
Rigar malamai ya samu ya ɗaura.

Ku dubi Dirki, Alƙur'ani ne cikinsa,
Aka naɗe shi da fatu, aka yi mai sitira.

Ba a buɗe shi don a karanta ko aya,
Shanu ake yanka masa don kauce wa ƙaddara.

Wannan ya fi Tsumburbura ba ni tsoro,
Don mai yin sa na zaton yana neman lahira.

Ɗan Dala ya sake amsawa:

Baba, na janye, ƙanwata ta kayar da ni,
Amma kun bar ni da tambayar da ta ƙara.

Kakata ta ɗaura mini laya a wuya
Tun ina ɗan ƙanƙane a cikin yara.

Ayoyi ne a ciki, an ɗinke da fata,
Ban taɓa ganin su ba, balle fassara.

Ku gaya mini, me ya raba ta da Dirki,
In ba girman fatar ba da yawan kadara?

Dattijon Damagaram ya amsa:

Ɗana, malamai sun yi saɓani kan laya,
Wasu sun bar mai aya, wasu sun ƙyara.

Kakarka ba ta yanka mata ko zakara ba,
Nan hanyarta da ta Dirki suka bar tsara.

Alwali, da ya hau a 1781,
Fadawa suka zo masa da tijara,

Wai shanu arba'in zai bayar don Dirki,
In ya ƙi, suna tsoron abin da zai tara.

Ya fusata, ya aika samari da gatura,
Suka faskare fatun da aka daddaɗaura.

Sai ga Alƙur'ani mai kyawun rubutu,
Wanda aka hana wa idanu shekara da shekara.

A 1807 jihadi ya raba shi da mulki,
A Burumburum ransa ya tafi lahira.

Mai cewa Dirki ne ya rama, ban yarda ba,
Ni dai na gode wa hannun da ya sara.