Shawarar tsofaffin sojoji ga mai shirin ajiye kaki

Jiya bayan La'asar a Kakuri, tsofaffin sojojin da suka yi aikin daidaita na'urorin awo suka zaunar da wani ƙaninmu mai shirin ajiye kaki. Takardar shaidar ƙwarewa suka fi nanatawa wajen neman aiki bayan ajiye kaki. Mai kamfani ba ruwansa da igiyar kafaɗarka, shaida yake nema cewa ka san ƙa'idar ISO 17025 da ɗakunan gwaji ke bi.

Wani dattijo ya dafa shi ya ce, "Ɗana, rubuta a takardar neman aikinka kowace na'ura da hannunka ya taɓa, daga mitar lantarki har ma'aunin matsin iska, amma sirrin bariki ka bar shi a bariki." Wannan ta ratsa ni.

Sun ambaci matatar mai da asibitoci a matsayin wuraren da zai nemi aiki. Horon cibiyar sojoji ta Oshodi a Legas kuwa, wadda ke koya wa masu shirin ajiye kaki sana'o'i, suka ce kada ya raina shi.