Kuɗin wuta da na dizal: me kuka ƙaru da shi a ziyarar masana'antun juna?

Mai injin casar shinkafa, Kwannawa:
Assalamu alaikum. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, da wuya masu ƙananan masana'antu su zauna a Sakkwato su tashi ba a yi kukan wuta da mai ba. Ganin kukan bai rage wa kowa ko sisi ba, wasu daga cikinmu suka fara zagayen ziyara, a je wurin aikin mutum a duba injinansa suna kan aiki, kowa ya faɗi abin da ya gani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, kowannenmu ya san nawa yake kashewa a wata, amma ƙalilan ne suka san litar dizal nawa ke tafiya a kan buhu ɗaya na kayan da suke sarrafawa, alhali da wannan lissafin ne kaɗai za a iya gwada wuri da wuri. Ina roƙon waɗanda aka ziyarta, da waɗanda suka je ziyara, kowa ya ba mu labarin abin da ya gwada, har da wanda bai yi masa amfani ba.

Mai kamfanin ruwan leda, Arkilla:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Lokacin da aka zo wurinmu, wani dattijo mai gyaran wuta da ke cikin tawagar bai tsaya kallon injin ɗinke leda ba, sai ya wuce bayan gini inda janareta yake, ya shafa bakin salansa da yatsa, ya nuna mini wani baƙin mai mai danƙo da ke ɗiga. Ya ce wannan dizal ne da bai ƙone ba, kuma alama ce ta injin da ya fi ƙarfin aikin da ake ɗora masa. Da ya maƙala mitarsa ta hannu a jikin waya, sai ga shi lodin da muke ja bai kai rubu'in ƙarfin injin ba. Ya bayyana mana cewa janaretan dizal idan ya samu lodi daidai gwargwado, lita ɗaya kan ba da kimanin yunit 3 na wuta, amma idan yana gudu da lodin da bai kai kashi 30 cikin 100 ba, man yana tafiya ne kawai a juya injin, ga kuma lalata shi da yake yi a hankali. Ba mu sayi sabon abu ba. Mun daina tayar da inji don famfon rijiyar burtsatse shi kaɗai da safe, muka haɗa jan ruwa da tacewa da ɗinki a lokaci guda, sannan muka ja waya zuwa shagon teloli da ke maƙwabtaka da mu, suna biyan nasu kason. Jarkar da a da ba ta kai mu la'asar, yanzu takan kai mu tashi daga aiki.

Mai gidan burodi, Mabera:
Hajiya, Allah ya ƙara albarka. Mu itace ne ke cinye mana riba, ba dizal ba. Na je wajen masu turara shinkafa a Wurno, na ga yadda suke hura wuta da ɓuntu a wani murhu mai ramin shigar iska ta ƙasa, ɓuntun da a wasu wurare zubar da shi ake yi. Na ɗauko dabarar da murna, amma a tanda ba ta zauna yadda nake so ba, domin tokar ɓuntu tana da yawa kuma tana tashi, ga hayaƙi idan bai bushe sosai ba, burodi kuwa ba ya son ko ɗaya. Yanzu da shi muke ɗuma tanda tun kafin asuba, sai a kwashe tokar a ƙarasa da itace. Abin da ya fi rage mana itace ma ƙarami ne: wani abokin sana'a daga Runjin Sambo ya kusantar da tafin hannunsa ga gefen ƙofar tandarmu, ya ce in zo in ji zafin da ke fita. Aka gyara ƙofar ta rufe ruf, muka kuma shirya kwaɓi yadda da an fitar da zubi ɗaya na gaba zai shiga, ba tare da tanda ta tsaya tana hucewa ba.

Mai walda, Tudun Wada:
Ni ma na ga ƙaramin injin walda na inbata a shagon wani, na saya, kuma gaskiya ne bai kai tsohon mai tiransifoma jan wuta ba, har ƙaramin janareta yana ɗaukarsa. Amma ina da ƙorafi, Alhaji. Wanda zai shigo shagona ya ga lissafina, gobe shi ne za mu nemi kwangilar ƙofofi ɗaya da shi. Ta yaya zan buɗe masa littafina?

Mai ƙanƙara, Gawon Nama:
Malam, ƙorafinka yana kan hanya, kuma shi ya sa na fi amfana da ziyarar waɗanda ba sana'armu ɗaya ba. Game da sola kuwa, ina so masu niyyar saka ta su ji wannan kafin su fitar da kuɗi. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin farantin sola an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da farantin ya haura haka, yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. A nan kuwa daga Maris zuwa Mayu iskar gari kanta tana wuce digiri 40, balle farantin da aka manna a kan kwano ba tare da tazarar da iska za ta ratsa ta ƙarƙashinsa ba, wato a daidai lokacin da kasuwar ƙanƙara ta fi ci ne sola ke yin rauni. Wani mai sayar da lemo mai sanyi ne ya nuna mini yadda ya ɗaga nasa a kan ƙarafa. Shi ne kuma ya sa na fara wanke su da sassafe a lokacin hunturu, domin ƙurar hazo kan rufe su cikin 'yan kwanaki, idan kuma aka bari sai rana ta take, ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. Sauran abubuwan da na ɗauko ba su ci kuɗi ba: janye firizoji daga jikin bango, kakkaɓe ƙurar da ke toshe ragar bayansu, da canza robar murfin da ta saki.

Mai gyaran wuta, Ƙofar Rini:
'Ya'yana, duk abin da kuka faɗa na ji, amma kada wani ya ga dabara ta yi aiki a wurin maƙwabcinsa ya kwafe ta ba tare da awo ba. Solar da ke riƙe firiza ba lallai ta iya tayar da injin niƙa ba, saboda babban moto a lokacin tashi yana jan wutar da ta ninka ta gudunsa sau 5 zuwa 7. Wannan ne ma dalilin da mutane ke sayen ƙaton janareta, alhali da za a riƙa tayar da injina ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi girma, da matsakaici ya wadatar. Ku riƙa duba bel, domin wanda ya saki yana zamewa, wanda aka ɗaure fiye da kima kuma yana cin boris, dukansu asarar wuta ne. Haka nan moton da aka sha sake wa naɗin waya, musamman idan an sa wayar da ba ta kai ta asali kauri ba, yana zafi yana shan wuta, kuma sau da yawa kuɗin da yake ɓatarwa a shekara ya isa a fara tarin na sabo. Na taɓa wani moto a wurin masu buga bulo, ko daƙiƙa biyu ban iya barin hannuna a jikinsa ba, mai shi kuwa yana alfahari da cewa bai taɓa tsayawa ba.

Mai kamfanin ruwan leda, Arkilla:
Baba, mun gode. Malam mai walda, ba littafin ciniki ake buɗewa ba. Abin da ake rubutawa a takardar ziyara shi ne awa nawa inji ya yi, lita ko yunit nawa ya sha, da yawan kayan da aka fitar, babu farashi babu sunan abokin ciniki. Ni kuma ga tawa matsalar da nake neman wanda ya riga ni shiga: tun da muka fara ba teloli wuta, rabon kuɗin dizal muke yi bisa ƙiyasi, kuma sun fara cewa kasonsu ya yi yawa, musamman a makonnin da ɗinki ya ja baya bayan Sallah. An ba ni shawarar saka musu ƙaramar mita, amma ita yunit kawai take ƙirgawa, ba ta lissafa baƙin mai da filta da kuɗin makanike. Idan akwai wanda ke raba janareta da maƙwabci, ina son jin yadda kuka sanya kuɗin gyara a cikin farashin yunit.